Takalmin da Ban Cire Ba

Na san kun ji maganar, don a Roni ba a ɓoye wa yaro abin da ubansa ya yi. An gaya muku ranar da aka binne Baffanku Haruna na tsaya a bakin kabarinsa da takalmi a ƙafata, kowa ya cire nasa, ni kaɗai kamar baƙon da bai san gari ba. Gaskiya ne, na tsaya. An kuma gaya muku kafin nan na taka masa tsakar gida da takalmin nan a gaban surukansa. Wannan ma gaskiya ne. Abin da ba a gaya muku ba shi ne abin da ya gudana tsakanin ranakun nan biyu. Tunda shekaru sun ja, ido ya fara gajiya, gara in rubuta da hannuna kafin masu ƙarin gishiri su gama da labarin. Ba na son ku girma kuna zaton na raina mutumin da ya riƙe ni.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, ko fuskarsa ba na iya tunawa sosai. Yaya Haruna ne ya zame mini uba. Shi ya kai ni makaranta, shi ya nemo mini auren mahaifiyarku, kuma har na yi furfura ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Gidanmu na Roni a jikin dutse aka gina shi. In ka fito daga zaure sai ka faɗa kan wani falalen dutse mai faɗi, inda mata ke shanyar gero da kuɓewa, can ƙarshensa kuma ga rumfar maigida a gindin tsamiya. Tun zamanin kakanmu, in dai maigida na zaune a rumfar nan, ba mai ƙetare dutsen da takalmi. A bakin zaure ake barinsu, babba da yaro, ɗan gida da baƙo. Da bazara kuwa, in rana ta take, dutsen yakan yi zafin da ko kaza ba ta yarda ta taka shi. Ina tuna ina yaro, in an aike mu wajen kaka da tsakar rana, sai in toge a bakin zaure ina kuka. Yaya yakan sunkuya ya saɓa ni a wuya, ya ratsa da ni, shi da tafin ƙafarsa a kan dutsen, yana ce mini rago.

Aikin malamin gona na yi har na yi ritaya, kuma da ƙafa na yi shi. Ba gonar da ban shiga ba daga Roni zuwa Gwiwa, daga Gwiwa zuwa Babura. To ƙafar nan ce ta fara juya mini baya. Ciwon suga ya daɗe tare da ni, ina shan magani, ina faɗa da mahaifiyarku a kan fura. Amma a shekarar da nake ba ku labari sai na lura ba na jin tafin ƙafata. Wata rana a gidanmu na Kazaure na yi yawo da tsakuwa a cikin takalmi tun safe, ban sani ba sai da na zo alwalar azahar. Likita a Kano ya tsikare ni da wani siririn tsinke ya ce in faɗi inda ya taɓa, na yi ta faɗin abin da na ga dama. Bai yi dariya ba. Ya ce irin ƙafar nan ce ake yankewa, don takan ji ciwo mai ita bai sani ba, ciwon ya zama gyambo, gyambon ya ci ƙashi. Ya ce kada in sake taka ƙasa ba takalmi. Na ce to, irin “to” ɗin da ake ce wa likita.

Yayarku Ummi ce ta raka ni asibitin. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ba ma kiran sunanta, Yaya ma “Uwata” yake ce mata. A lokacin tana koyar da ilimin sinadarai a jami'a a Kano, tana kuma wani bincike da in ta fara ba ni labarinsa sai in fara gyangyaɗi. Ranar nan ba ta ba ni labari ba, ta ja ni ɗakin aikinsu. Ta nuna mini wani inji mai murfin gilashi, girmansa kamar firijin masu sayar da ƙanƙara, ta ce irinsa ne masu rubuta suna a jikin allon talla suke aiki da shi. Ta shimfiɗa wata leda sirirya mai ruwan zuma a ciki, ta rufe, ta danna kwamfuta. Sai ga ɗan ɗigon haske, wanda ta kira leza, yana gudu a kan ledar, yana barin baƙin zane a bayansa, layi kusa da layi. Ƙaurin ƙuna ya ɗan taso. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai shi ne Innarmu, yadda take sa wuƙa a wuta ta zana ƙwarya.

“Gawayi kika yi ke nan,” na ce mata.

“Ɗan'uwan gawayi ne, Baba. Girafin sunansa. Zafin hasken yana sauka ne farat ɗaya, sai komai na jikin ledar ya gudu ya bar baƙin sinadarin kaɗai, shi kuma ya jeru falle-falle, sirara, da ƙofofi kamar soso. Wutar lantarki tana bi ta cikinsa kamar waya.”

Ta ciro ledar ta naɗe ta a yatsa, ta haɗa da batir, ɗan ƙwan fitila ya kama. Ta lanƙwasa, ta miƙe, ƙwan bai mutu ba. Ta ce ba tawada a ciki, ba ƙarfe, zanen ƙuna ne kawai. Ta ce in an danne zanen ko ya ji zafi, yadda wutar ke bi ta ciki yakan canza, wani ɗan akwati kamar ƙwayar dabino ya karanta canjin ya aika wa wayarta. Sannan ta dube ni irin kallon da Inna take yi mini in na yi ƙarya.

“Ƙafarka ta daina gaya maka gaskiya, Baba. Bari in sa mata wanda zai riƙa ji a madadinta. Ba magani ba ne, gwaji ne muke yi tare da likitanka. Amma in wani wuri ya fara ɗaukar zafi fiye da ɗan'uwansa na ɗaya ƙafar, za mu sani kafin ya fashe.”

Wani baduku a kasuwar Kazaure ya ɗinka mini sau-ciki mai taushi, Ummi ta shimfiɗa ledarta a ciki. Na riƙa sa shi don in faranta mata, ina yi mata tsiya cewa ta sa wa ubanta ɗan leƙen asiri a ƙafa. Ban san da gaske nake ba. Bazara ta shigo, wata Lahadi da hantsi ta kira ni, muryarta ba wasa.

“Baba, ina kake zuwa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci?”

“Ina zan je in ba gaida Yaya ba?”

“Takalmin yakan yi shiru na ɗan lokaci. In ka mayar da ƙafarka sai ta shigo da zafi kamar an ciro ta daga tanda. Ta hagu takan huce. Ta dama, ƙarƙashin babban yatsa, har yau ba ta huce ba. Baba, dutsen nan kake takawa?”

Ai duk Juma'ar duniya ɗan acaɓa yake kai ni Roni, in yi salla, in bar takalmi a zaure, in ƙetare dutsen in tsugunna gaban Yaya. Har daɗi nake ji a raina cewa yanzu na zama namiji, dutsen ya daina ƙona ni. Ashe ƙona ni yake yi, ni ne na daina ji. Likita ya kankare wata kanta da ke wajen, ya nuna mini ja a ƙarƙashinta, ya ce saura ƙiris. Ya ce in ina son in mutu da ƙafata biyu, to in zaɓa.

Kada ku zaci ban nemi hanya ba. Na gwada safa, Juma'ar da ta biyo baya wayar Ummi ta nuna zafin bai ragu ba. Na ce zan riƙa zuwa da yamma, likita ya ce tsakuwa da ƙaya ba su san yamma ba. Sai na aiki mahaifiyarku wajen Inna Talatu, matar Yaya, ta yi masa bayani cikin hikima irin ta mata. Amsar da ta dawo gajeriya ce: ya ce Iro ya zo ya faɗa da bakinsa. To ga inda abin ya tsaya. Kafin in faɗa da bakina sai na ƙetare dutsen.

Ranar Juma'ar na daɗe a zaure. Takalman mutane na jibge a bakin ƙofa, don surukan Yaya sun zo daga Gwiwa, ga kuma dattawan unguwa. Hannuna ya kai kan takalmin da kansa, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Na tuna jan nan da likita ya nuna mini. Na tuna mahaifiyarku, wadda ita za ta riƙa ɗaga ni in an yanke. Tsoro na ji, ba girman kai ba, tsoro ƙarara irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi bisimilla na taka. Hira ta ɗauke tun ina tsakiyar dutsen. Da na isa bakin tabarma na cire, na tsugunna, na gaishe shi kamar kullum. Ya dubi takalmin, ya dube ni.

“Iro, ka yi mantuwa a ƙafarka.”

“Ban manta ba, Yaya. Allah ya ƙara maka lafiya, larura ce. Likita ya ce in na ci gaba da taka dutsen nan za a yanke ƙafar.”

“Tana maka ciwo?”

“Ba ta yi.”

“Nuna mini ciwon.”

Na miƙa masa tafin ƙafata a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Ya duba. Ba jini, ba ruwa, sai 'yar kanta irin wadda kowane manomi yake da ita. Na zaro shimfiɗar takalmin na nuna masa ledar da baƙin zanenta, ina ƙoƙarin faɗin abin da Ummi ta faɗa mini, maganar tana harɗe mini a baki. Ya karɓa ya juya ta, ya lanƙwasa, ya miƙo mini.

“Ƙonanniyar leda ce za ta gaya maka abin da naman jikinka bai gaya maka ba? Ni ma ai dutsen ya daina ƙona ni, an yanke tawa? Tsufa ne, fata ce ta yi kauri. Tashi ka je. Ranar da ka tuna inda ake ajiye takalmi a gidan nan, ka dawo.”

Na ji maganarsa ta tsakiya sarai, cewa shi ma dutsen ya daina ƙona shi, na kuma gane ciwona ne yake da shi. Amma an riga an sallame ni. Na mayar da takalmin na sake ƙetare dutsen, idanun surukai a bayana. A kan acaɓa na yi kuka, ɗan acaɓan ya yi kamar bai ji ba.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika Roni. Wai 'yata ta zama dakta, boko ya hau mini kai. Wai na ce gidan ubana ya yi mini ƙazanta. Wasu ma cewa suka yi laya ce aka ɗinke mini a takalmi don in fi ƙarfin Yaya. Na ci gaba da zuwa sallar Juma'a, in tsaya a zaure in aika da gaisuwa, a dawo a ce ya ji. Ummi ta je da kanta, ta bar takalminta a zaure kamar kowa, ta kai masa sau-ciki irin nawa da ledarsa a ciki, ta roƙe shi ya bari a gwada jininsa. Ya karɓi takalmin da hannu biyu saboda sunan da take ɗauke da shi.

“Uwata, na gode. Allah ya yi miki albarka. Amma ni lafiyata ƙalau, ki gaya wa ubanki.”

Ya rataye shi a ƙusa a ɗakinsa. Ummi ta ce mini kullum takan duba wayarta, nasa bai taɓa cewa komai ba. Nawa kuwa, cikin ikon Allah, zafin ya sauka a hankali har ƙafafun biyu suka daidaita.

Damina ta wuce, aka yi kaka. A gonarsa ta bayan gari, wajen girbin dawa, Yaya ya taka kututturen kara, ya huda shi, bai ji ba. Da ya ga jini sai ya ɗaure da tsumma, ya saki babbar riga a kai. A nan ne abin yake ci mini rai har gobe. 'Ya'yansa daga nesa suke gaida shi, kai a sunkuye, ba mai iya cewa Baba ɗaga rigarka. A duk gidan ni kaɗai nake tsugunnawa daf da ƙafarsa, ni kaɗai kuma na san abin da ake dubawa. Da ina shiga da na gani tun yana ƙarami. A waɗannan watannin kuwa ina zaure a tsaye da takalmina. Sai da wari ya fito Inna Talatu ta yi ta maza ta yaye tsumman. Aka kai shi Kano, aka yanke daga ƙasan gwiwa, amma likitoci suka ce dafin ya riga ya shiga jini. Na tsira da ƙafata, ku gane, kuma na san abin da ta ci.

Shi ya aiko a kira ni. Na isa asibitin bayan la'asar, Inna Talatu ta fita salla, ba kowa a wajensa. Ya rame har na kusa kasa gane shi, bargon kuma ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Na tsaya daga bakin ƙofa na sunkuya zan cire takalmi. Wallahi ko tunani ban yi ba, ko da a kan garwashi ne a ranar zan cire.

“Bar shi,” in ji shi.

“Yaya, siminti ne, ba zafi.”

“Na ce ka bar shi. Matso.”

Na matsa na tsugunna a gefen gadon. Ya daɗe yana kallon takalmin kafin ya yi magana, muryar tana fita da ƙyar.

“Kana yaro ni nake saɓa ka a kan dutsen nan don kada ya ƙona ka. Ka tuna?”

“Na tuna, Yaya.”

“Ni na manta. Da na tuna da ban kore ka ba.” Ya huta. “Iro, kada ka ƙara cire shi don wani mutum. Ko don ni. Ko a kaina ne. Ka ji?”

Na ce na ji. Na nemi gafararsa, ya nemi tawa, ya riƙe hannuna har Inna Talatu ta dawo. Ba wanda ya ji maganar nan sai ni da Allah. Ban kuma faɗa wa mutanen Roni ba, don in na faɗa cewa za a yi na ƙaga wa mamaci magana in wanke kaina, kuma ba zan ja sunan Yaya cikin gardamar bakin masallaci ba.

Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Aka kawo shi gida, aka yi masa sutura, muka kai shi da tsakar rana. Maƙabartarmu kun san ta, tsakuwa ce da burji da ƙayar aduwa. A bakinta mutane suka zubar da takalmansu kamar yadda aka saba. Wani dattijo, abokin Yaya tun ƙuruciya, ya riƙo hannun rigata, idonsa jawur.

“Malam Iro, ko yau ma? Ko yau ɗin ma ba za ka cire masa ba?”

A rayuwata ban taɓa son cire takalmi kamar ranar ba. Da na cire da an daina maganata a Roni, da ku ma ba ku taso kuna jin ta ba. Amma mutumin nan tun ina ƙarami ban taɓa ƙetare umarninsa ba sai sau ɗaya, kuma na ga abin da ya biyo baya. Ba zan ƙara da na ƙarshe ba. Na zare hannuna a hankali na shiga. Da takalmin na karɓe shi aka sa shi a kabari, da shi na zuba ƙasa, da shi na tsaya har aka shafa addu'a, ina jin idanun jama'a a kaina.

Yanzu ledar da ke ƙafata ba ta farko ba ce, Ummi ta canza ta ba sau ɗaya ba, ta ce sababbin sun fi jin zafi da kyau, har wasu masu irin ciwona sun fara sawa a gwajinsu. Takalmin Yaya yana wajena, Inna Talatu ta ciro mini shi daga ƙusa bayan ta fita takaba, ko ƙura bai taɓa takawa ba. Ciwon nan a jininmu yake, wani a cikinku zai gamu da shi. Wanda ya gamu da shi ya shigo mini da takalminsa har kan tabarmata, in tawa ta zo kuma ya tsaya a kaina da shi.

Ranar jana'izar, da muka dawo gida, na tarar da Ummi a zaure tana jirana, mayafinta ya jiƙe da hawaye, waya a hannunta. Duk Roni ita kaɗai ba ta buƙatar a ba ta labari.

“Baba, na duba,” ta ce. “Ba ka cire ba.”

“Ban cire ba, Ummi,” na ce. “Shi ya ce.”